Jirgi ya zo Agege, to wa zai kai mu tasha?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas, shekarata goma sha bakwai a garin nan, kuma tsohon ɗan acaba ne ni, ko in ce okada kamar yadda ake kiranmu a nan. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce haushi ne ya sa na ɗauki waya ina rubutu. E akwai haushin, ba zan ɓoye ba, amma ba shi kaɗai ba ne.

Yabon gwani ya zama dole, jirgin ƙasan nan na Red Line abu ne mai kyau wallahi. Tun da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, daga Agbado har Oyingbo, na shige shi ya fi a ƙirga, saboda shagon da nake tsaro yanzu yana can wajen Ebute Metta. Wanda bai taɓa zama a danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, tun daga Agege zuwa Oshodi da safiyar Litinin ba, gwiwarsa na gugar ƙarfen kujerar gaba, kwandasta na rataye a ƙofa yana ihu kowa ya shigo da canjinsa, ga 'yan kamasho suna dukan mota a kowace tasha sai an miƙa musu, to ba zai gane abin da nake nufi ba in na ce jirgin nan rahama ne. Ka zauna a cikin sanyi, ka leƙa ta taga kana kallon gosulo a kan titi kamar ba kai ne jiya a ciki ba. Dattawan Zango ma suna cewa da tuni an daɗe da yin wannan, don Gwamna Jakande ya ɗauko aikin jirgin cikin gari tun 1983, soja suka zo suka soke shi a 1985, aka yi ta zama kusan shekara arba'in kafin jirgin Blue Line ya tashi daga Marina zuwa Mile 2 a 2023. Mu kuma mutanen Agege da jirgi ai tsohuwar zuma ce, layin dogon nan ne ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu fataucin goro.

To amma Malam Edita ga inda gizo ke saƙa. Jirgi ba ya zuwa ƙofar gidan kowa. Ni ɗakina yana can ciki wajen Oko-Oba, in zan taka zuwa tasha sai na yi fiye da rabin awa, in na sauka a Oyingbo kuma akwai wata tafiyar kafin shago. Wannan ɗan tsakanin, daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa wajen aiki, da mu ne muke cike shi. Aikin acaba kenan. Yanzu ka duba, ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a watan Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Sai ka ɗauko tashoshin Red Line guda takwas ka jera, Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Biyar na ƙarshen nan duk a inda aka hana mashin suke. Kenan an kawo ka cikin sauri an sauke ka, daga nan kuma kai da ƙafarka, ko ka tsaya layin korope, wato ƙaramar bas, ko keke Marwa mai ƙafa uku ka sake biyan wani kuɗin, abin da jirgi ya rage maka na lokaci ka mayar da shi a bakin titi.

Ba na cewa 'yan acaba waliyyai ne. Na yi sana'ar shekara tara, na san masu bin hannun da ba nasu ba, na san masu tsallake danja, na san yaran da suke sauka daga tirela yau gobe ka gan su a kan mashin ba su ma san sunan unguwa ba, kuma na je dubiya asibitin ƙashi na Igbobi ba sau ɗaya ba. Hukuma tana da hujjarta. Nawa mashin ɗin an kama shi, ban ƙara ganinsa ba, ina jin yana cikin waɗanda aka murƙushe, na bar wa Allah. Abin da nake tambaya shi ne me aka ajiye a gurbinsa? An fito da ƙananan bas a 2021 wai su riƙa shiga lungu suna kai mutane manyan tashoshi, ni dai a layinmu ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba.

Shi ya sa bara na sayi keke. Ba Marwa ba fa, don a Legas in ka ce keke kowa mai ƙafa uku yake ji, wanda aka laƙaba wa sunan Buba Marwa tun yana mulkin jihar nan zamanin soja, ni laulawa nake nufi, keken hawa irin wanda muka tashi muna kai niƙa da shi a gida. Na hannu ne, na saye shi wajen wani mai gyara, na canza tayar baya da burki. Ba mai ba kati ba ɗan kamasho, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Minti goma ina tasha. Amma wallahi kullum na fito sai na yi addu'ar da ban taɓa yi ba lokacin ina kan mashin, saboda mai keke a titin Legas ba shi da wuri. In ka matsa tsakiya danfo ya ɗanna maka hon kamar zai hau kanka, in ka raɓa gefe ga kwata a buɗe an ɗauke murfin, in ka hau inda aka yi don masu tafiya a ƙasa to masu tebur sun kafa kaya, wani ma ya faka mota a kai. Da damina kuwa ruwa ya rufe komai ba ka san ina rami ina titi ba. Watan azumin da ya wuce madubin wata bas ya dake ni a kafaɗa kusa da gadar Pen Cinema, na faɗi, direban ko waiwaye bai yi ba, wata mata mai sayar da burodi ce ta ɗaga ni tana ta yi min faɗa da Yarbanci wai me ya kai babba kamata hawa keke.

Maganarta ta tsaya min a rai fiye da ciwon. A garin nan ana ganin keke na yara ne ko na wanda ya rasa, alhali a Kano ko Funtuwa malamin makaranta da ɗan kasuwa duk sun hau shi ba wanda ya raina su. Kuma ɓangaren nan namu ba wasu tsaunuka ba ne, yawanci shimfiɗe yake, babu abin da zai hana mutum tuƙa keke in ban da tsoro.

Kuma abin ba gagara zai yi ba, don mun ga an yi wa BRT, manyan bas ɗin nan na gwamnati. A 2008 zamanin Gwamna Fashola aka ware mata hanyarta daga Mile 12 zuwa CMS, aka sa kankare aka raba, mutane suka yi ta surutu an ƙuntata titi, yau ga ta har Ikorodu, ga ta Oshodi zuwa Abule Egba. Wanda ya iya ware wa ƙatuwar bas layi guda ai ba zai kasa ware wa keke taku biyu a gefe ba. Ni ban ce a yi a kan gadar Third Mainland ba, mai hankali ba zai hau ta da keke ba, a fara da titunan da suke shiga tashoshin jirgi da na BRT kawai, a rufe kwatocin, a sa ɗan dakali tsakaninmu da mota, don fenti kaɗai direban danfo ba ya ganinsa. Sannan LAMATA, hukumar sufurin Legas, ta yi mana wurin ajiya a tasha, rumfa da ƙarfen ɗaure keke da mai gadi, in ma kuɗi ne a cire a katin Cowry ɗin da muke shiga jirgi da shi, za mu biya. Yanzu haka ni wajen wani mai shayi ɗan garinmu nake ɗaure nawa da sarƙa a jikin bencinsa, ran da bai fito ba sai dai in koma gida in ajiye in tako da ƙafa, jirgi kuwa ba ya jiran kowa.

Sai kuma sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, ranku ya daɗe, duk lokacin da aka zauna da gwamnati roƙon a sassauta dokar acaba ake yi, shekara nawa kenan ba ta sassautu ba. Ku gwada kai wannan maganar ma. Yaranmu da aka raba da mashin da yawa sun koma tura baro da kwasar bola da ga-ruwa, wanda ya iya ratsa Oshodi da fasinja biyu a baya ai zai iya kai saƙo da keke, kuma kowace rumfar ajiya tana buƙatar mai tsaro da mai faci.

Don Allah Malam Edita ka turo wakilinku tashar Agege wata safiya wajen ƙarfe shida, ya tsaya ya tambayi masu shiga jirgi yadda kowa ya iso da nawa ya kashe kafin ya taɓa kati. In ya ga wani baƙin keke da jar sarƙa a jikin bencin mai shayi to nawa ne, ya zauna a haɗa masa kauri, na biya.

Naku,
mai tsaron shago daga Agege, Legas