Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Yadda Sanatanmu Yake Kaɗa Ƙuri'a A Majalisar Dattawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka 'yan asalin masarautarka da neman abinci da neman ilimi ya kawo mu ƙasar Saudiyya, wasunmu a Makka wasu a Jidda wasu a Madina, a cikinmu akwai direbobi da teloli da masu gadi da 'yan aikin gini da mata masu aikatau a gidajen Larabawa da ɗalibai na Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura, har da dattawan da tun suna samari suka zo yanzu ga su da jikoki. Muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa in an ga kaushi a cikin maganarmu, ba rashin ladabi ba ne, abun ne ya daɗe yana cin mu.

Ranka ya daɗe, kukanmu a kan sanatan da yake wakiltar shiyyarmu ne, kuma tun farko bari mu faɗa ba shinkafa muke nema ba, ba kujerar Hajji ba (mu da muke ganin Ka'aba in mun so), ba keken ɗinki ba. Abu ɗaya ne, muna so mu san in an zo yanke hukunci a zauren majalisa wane ɓangare mutumin nan yake tsayawa. Sanatoci 109 ne a ƙasar, kowace jiha uku, Abuja ɗaya, kenan duk yawan ƙananan hukumomin shiyyarmu da ƙauyukansu bakinsu guda ɗaya ne tal a wannan zaure, to ai dole mai baki ya san me bakinsa yake faɗa da sunansa.

Nan ƙasar da muke zaune doka ba ta yarda da taron siyasa ko zanga-zanga ba, mu kuma baƙi ne da igama, wato takardar izinin zama, ba za mu taɓa abun da zai ja mana tarhil, wato a kore mu gida, ba, shi ya sa muka ga hanya mafi mutunci ita ce mu rubuto wa uban ƙasa. Mun san tsarin mulki bai ba sarki ikon tuhumar sanata ba, amma kuma mun san ranar da ya fito neman ƙuri'a fadarka ya fara zuwa ya cire takalmi ya durƙusa ya nemi albarka, kuma in Allah ya kai mu zai sake dawowa, to wanda ake zuwa wajensa neman albarka ai yana da bakin tambaya.

Muna kallon zaman majalisar nan fa, kar a ɗauka nisa ya sa ba mu san me ake ciki ba. Talata, Laraba da Alhamis suke zama, agogon nan yana gaba da na gida da awa biyu, don haka lokacin da suke shiga zaure mu muna fitowa daga azahar. Akwai wani dattijo tela a unguwar Jarwal ta Makka ɗan garinmu ne, shi ya mayar da abun kamar wazifa, zai jingina wayarsa a jikin keken ɗinki ya kunna YouTube yana ɗinkin abaya yana leƙawa, duk sanda kyamara ta zagaya sai ya tsayar da ƙafa ya matso da gilashinsa yana neman jar hular sanatanmu a cikin kujeru, wani lokacin ya gan shi wani lokacin kujera kawai. Kuma ko ya gan shi ɗin ma me zai gane? Shugaban majalisa zai ce masu goyon baya su ce eh, a yi ihu, waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, a sake yin ihu, ya buga guduma ya ce masu eh sun yi rinjaye, shikenan an wuce. Babu wanda zai iya rantsuwa ya ce ga wanda ya buɗe baki ga wanda yake danna waya. In mutum ya dawo gida sai ya ce ai ni na ƙi, rinjaye akai min, kuma ba ka da hujjar ƙaryata shi.

Kuma ba wai ba a iya ƙirgawa ba ne. A watan Yulin 2021 lokacin Ahmad Lawan yana shugaban majalisa, da aka zo maganar tura sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Enyinnaya Abaribe ya tsaya kai da fata sai an ƙirga, aka dinga kiran suna ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa da bakinsa, 52 suka tsaya a kan sai an nemi amincewar hukumar sadarwa da ta majalisa tukuna, 28 suka ƙi wannan sharaɗin, 28 kuma ba sa cikin zauren. Jaridu suka buga sunaye, kowa ya ga nasa, surutu ya yi yawa, kafin shekarar ta ƙare majalisar ta janye wancan matsayi. To ka gani ranka ya daɗe, rana ɗaya aka kira sunaye sai ga shi kunya ta yi aiki. Amma a watan Maris na 2025 da aka sa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, wadda sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, wato sanatoci 73, da murya aka amince da ita. Ta yaya kunne yake ƙirga mutum 73? Mu ba Ribas ce ta dame mu ba, abun da akai wa wata jiha da ihu gobe ana iya yi wa tamu.

Yanzu ga inda abun ya fi yi mana ciwo. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisa ta zauna kan gyaran tsarin mulki, a cikin ƙudurorin akwai wanda zai ba 'yan Najeriya mazauna waje damar yin zaɓe daga inda suke, domin yadda sashe na 77 da na 117 suke a yanzu sai wanda yake zaune a Najeriya ne zai yi rajista. A majalisar dattawa 29 ne suka ce eh, 62 suka ce a'a, ƙudurin ya mutu. Mu adadi kawai muka gani. Sanatanmu yana cikin 29 ne ko cikin 62, ko kuwa ranar ma bai shiga ba? Mun aika ta hannun masu taimaka masa, amsar da ta dawo mana wai oga yana tare da 'yan ƙasashen waje ɗari bisa ɗari, to wannan ai ba amsa ba ce. Ga shi majalisa ta goma ta sake ɗauko gyaran tsarin mulkin a ƙarƙashin kwamitin da mataimakin shugaban majalisa Barau Jibrin yake jagoranta, maganar zaɓen mazauna waje ta sake dawowa, muna tsoron a sake binne ta kamar wancan karon ba mu san hannun wa ya zuba ƙasa ba.

Wallahi abun kunya ne a gare mu a nan. Muna aiki tare da Misirawa da 'yan Indunusiya da 'yan Filifin, lokacin zaɓen ƙasarsu sai ka ga abokin aikinka ya nemi izini wajen kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyinsa, ya tafi ƙaramin ofishin jakadancinsu a Jidda ya kaɗa ƙuri'arsa ya dawo bakin aiki, ya tambaye ka ku yaushe ne naku, kai kuma ka hau kame-kame. Sanigal da take yankinmu na Afirka ta Yamma har kujeru 15 ta ware wa mazauna waje a majalisarta. Mu kuma Bankin Duniya yana lissafa abun da 'yan Najeriya suke turawa gida kusan dala biliyan 20 a shekara, namu na nan ba shi ne mafi tsoka ba mun sani, amma riyal ɗari biyu da 'yar aikatau take turawa duk wata shi yake riƙe da gida guda a ƙauye, shi ne kuɗin taki, shi ne kuɗin asibiti. Lokacin da riyal ya haura naira 400 a 2024 mutanen gida suka dinga cewa ai mun warke, ba su san buhun masara da kuɗin mota sun riga riyal ɗin gudu ba.

Sai maganar dokokin haraji. A watan Oktoban 2024 gwamnonin Arewa sun zauna a Kaduna tare da sarakuna suka ce ba su yarda da yadda aka tsara rabon harajin VAT ba, ƙasa ta ɗauki zafi, mun ji irin su Ali Ndume suna ta magana a rediyo, ko ka yarda da shi ko kar ka yarda ka dai san inda ya tsaya. Akai gyare-gyare, majalisa ta amince, Shugaba Tinubu ya sa hannu a watan Yunin 2025. Duk tsawon watannin nan namu bai fito ya ce mana ga abun da ya gani a cikin dokokin ba, ga sashen da ya nemi a canza, ga dalilin da ya sa daga baya ya yarda ko ya ƙi. Haka lokacin da aka dakatar da Abdul Ningi wata uku a Maris 2024 bayan hirar da ya yi da BBC Hausa kan kasafin kuɗi, hirar da mukai ta turawa junanmu a WhatsApp saboda da harshenmu akai ta, shiru. Mu ba mu ce sai ya goyi bayan wane ba, wataƙila ma yana da hujja mai kyau, mu dai mu ji ta.

Kuma ba nisa ne ya hana shi ba ranka ya daɗe. Kusan kowane goman ƙarshe na azumi yana nan Makka, a otal ɗin da taga take kallon Harami. Bara wasu dattawanmu suka sa manyan riguna suka je gaishe shi da takarda a hannu, suka zauna a falon otal tun bayan tarawi, wani yaro ya sauko ya ce oga yana hutawa, can dab da fita tahajjud ya sake saukowa da ambulan na riyal ya ce a sha ruwa. Dattijon da ya fi kowa shekaru ya mayar masa da ambulan ɗin ya miƙa masa takardar, ya ce wannan muka kawo ba wancan muka zo karɓa ba. Har yau ba a ce an gani ba.

Don haka muke roƙon Mai Martaba, don Allah don Annabi, ka kira shi fada irin kiran uba da ɗa, ka umarce shi ya rubuto da Hausa, ba da Turancin lauyoyi ba, ƙudurori nawa ya kai da sunansa kuma ina kowanne ya tsaya, sau nawa ya miƙe ya yi magana kan tsaron ƙauyukanmu, wane kwamiti yake ciki, kwana nawa ya halarci zama tunda tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara kuma wanda ya yi fashin sama da kashi ɗaya cikin uku ba dalili kujerarsa tana iya salwanta, sannan a kan manyan batutuwan nan da muka ambata me ya zaɓa. Ba abu ne mai wuya ba, majalisa tana da kundin da take rubuta duk abun da aka faɗa a zaure, shi kuma yana da ma'aikata da gwamnati take biya, ga Sanata Kawu Sumaila da bakinsa ya ce naira miliyan 21 yake karɓa duk wata na tafiyar da ofis, to takarda shafi biyu duk wata shida ba za ta gagara ba. A karanta ta a fada gaban hakimai da dagatai ranar gaisuwar Salla, a manna a ƙofar fada, mu kuma wani zai ɗauki hotonta ya turo mana.

Muna kuma so ya yi alkawari a gabanka cewa ranar da maganar zaɓen mazauna waje ta zo zaure zai fito fili ya faɗi abun da ya danna, in kuma aka zo wani babban batu ana son a wuce da ihu ya miƙe ya nemi a ƙirga, dokokin majalisar sun ba shi wannan dama. In ma yana ganin bai dace mu yi zaɓe daga nan ba, saboda tsoron maguɗi ko rashin sanin adadinmu ko don da yawa ba su da takardu, ya faɗa, za mu zauna mu saurara, mu ma muna da abun cewa kan masu fasfo da lambar NIN. In ya zo Umara ya ba mu awa ɗaya bayan la'asar, gaisuwa ce tsakanin ɗan gari da 'yan garinsu, mu za mu kawo gahawa da dabino. Ranka ya daɗe kai ma abun ya shafe ka, maganar ba sarakuna gurbi a tsarin mulki tana cikin abubuwan da suke gaban majalisar nan, ita ma wata rana za a ce masu eh da masu a'a.

Wasu matasanmu sun kawo maganar kiranye, dattawa suka ce a'a, na farko sai fiye da rabin masu rajista a shiyya sun sa hannu, an gwada a Kogi kan Dino Melaye a 2018 bai je ko'ina ba, na biyu mu ba faɗa muke nema da shi ba. Amma dai iyayenmu da matanmu da ƙannenmu suna gida da katin zaɓe a hannu, kuma in zaɓe ya matso mu suke bugo wa waya suna tambaya wa za a yi.

Mun damƙa takardar nan a hannun wani dattijonmu da zai dawo gida ganin iyali, da sa hannunmu da lambobin wayarmu a takarda daban, shi zai kawo ta fada da kansa kuma zai jira abun da Sarki ya ce kafin bizarsa ta dawowa ta ƙare. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da masarautarmu lafiya.

Wassalam.

Mu ne talakawanka,
'Yan asalin masarauta mazauna Makka, Jidda da Madina.