Godiya ga garejin da ya gano matsalar motata bayan wata biyu ina yawo

Assalamu alaikum. Zuwa ga Oga mai garejin gyaran wutar mota da ke kan titin Zariya a Kano, da yaransa baki ɗaya.

Injiniya, na ga gara in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin ranar da na karɓi mota farin ciki bai bar ni na yi magana sosai ba.

Jif ɗina 'yar Kwatano ce, irin mai na'urar da ke hana mota kwantawa gefe idan an sha kwana. Tun tsakiyar damina fitilar gargaɗi ta kunnu a dashbod, kuma duk kwanar da na shiga sai in ji motar tana rinjaya kamar kwale-kwale. Wata biyu ina yawon gareji. Na farko ya jona kwamfuta, ya ga lamba U0133, ya goge ta, ya karɓi kuɗin sikanin. Ban kai gida ba fitilar ta dawo. Na biyu ya rantse birenbos ne ya ƙone, wato kwamfutar da ke sarrafa na'urar, ya tura ni kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani da kuɗin da zai sayi babur. Na uku kuwa ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba ya ce a cire kwan fitilar kowa ya huta. Wai shi ma gyara ne!

Da na zo wurinku, wallahi ban sa rai ba. Amma yaron nan naku mai riƙe da mita, siriri mai ƙarancin magana, shi ya fara zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce, "Alhaji, lambar da ta fara da U ba ta ce kaya ya mutu ba. Cewa take sauran kwamfutocin motar sun daina jin muryar wadda ke kula da kwantawar mota." Ya ƙara da cewa P ce ta injin, C ta ƙafafu da birki, ita U ta layin sadarwa ce.

Sai ya bi abin daki-daki. Ya auna batir, ya samu 12.6, lafiya lau. Ya duba fis. Ya cire kan batir ya sa mita a ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin da ake jona kwamfuta, ta nuna 60, ya ce babban layin bai tsinke ba, don haka ciwon yana kusa da ita na'urar. Nan ya kwanta a ƙasa kusan awa guda yana bin waya. Ashe wanda ya sa min na'urar bin sawun mota bara ne ya fere wayar da ke kai wa birenbos ɗin wuta, ya murɗa tasa a kai ya naɗe da salatif. Danshi ya shiga, wurin ya yi kore, wutar ta daina isa. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya yi masa dalma, ya mayar da na'urar bin sawun wani layi daban. Birenbos ɗin da aka yi wa jana'iza yana nan da ransa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kwamfutar sikanin ta cika gari amma masu karanta ta ba su da yawa. Kowa ya sayi ta hannu ya zama injiniya, ya karanto lamba ya ce a sayo kaya, idan bai yi ba a sayo wani. Mai mota ne kullum a ƙasa, ga tsadar kayan gyara tun da dala ta tashi.

Makon jiya na je Kaduna na dawo, fitila ba ta ƙyafta ba ko sau ɗaya. Don Allah, Injiniya, ka gaishe min da yaron nan, kuma ka riƙe shi da kyau. Na ba shi na shan ruwa ya ce sai ya tambaye ka tukuna. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa sana'a albarka.

Naku,
Wani abokin ciniki daga Kano