Ba haƙori ba ne, Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na san kun lura na rage kiran waya, in ma na kira ba na daɗewa. Ba fushi ba ne, ba kuma aiki ne ya sha kaina ba. Magana ce take tayar min da ciwo, shi ya sa na zauna na rubuto miki, ki karanta a natse sannan ki yi wa Inna bayani yadda hankalinta ba zai tashi ba.

Ciwon da nake ce muku na haƙori, ashe ba haƙori ba ne. Har an cire min turmi guda a ɓangaren dama, lafiyayye, ciwon bai ko gezau ba. Daga baya likitan unguwarmu ya tura ni wurin likitan jijiyoyi, aka saka ni a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, aka gano. Sunansa tirajeminal nuraljiya. Akwai wata jijiya da ta fito daga ƙwaƙwalwa ta rabu gida uku, reshe ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya muƙamuƙin ƙasa. Ita take kai saƙon taɓawa da zafi daga fuska. Tawa, wata jijiyar jini ce ta kwanta a kanta can kusa da tushe, tana gogarta har rigar da ta lulluɓe ta ta fara cinyewa. Hoton ya nuna babu ƙari, alhamdulillahi, wannan ne abin da na fi tsoro.

Yaya, in ya taso kamar wutar lantarki ta ja ni a kunci. Ba ya daɗewa, daƙiƙoƙi ne, in ya yi tsawo minti 2, amma sai ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Abin da yake tayar da shi kuma ba wani abu ba ne: goge baki, tauna, dariya, ko iskar sanyin Mancesta ta taɓa min fuska a tashar bas. Alwala na fi ji. Sai na ɗumama ruwa na kai shi fuska a hankali, wani lokacin ina tsaye a gaban famfo ina tattaro ƙarfin zuciya. A wurin aiki tsofaffin da nake kula da su ba sa ganin komai, fuska ba kumburi ba ja, sai dai su ga na tsaya cak na riƙe bango.

Farasitamol ba ya taɓa shi. An ɗora ni a kan Tegretol, maganin da ake ba masu farfaɗiya, kada sunan ya firgita ki, ba farfaɗiya gare ni ba. Yana kwantar da jijiyar ne. Da farko ya sa ni jiri da barci, yanzu jikina ya fara sabawa, kuma ana ɗibar jinina lokaci-lokaci don duba hanta da gishirin jiki. Likita ya ce ciwon yakan lafa na watanni ya dawo. In magani ya gaza akwai tiyata ta bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin a sa ɗan abu mai laushi kamar matashin kai tsakaninta da jijiyar fuskar. Ban kai nan ba tukuna.

Abin da nake roƙo: kada a ce sammu ne ko iska, kada Inna ta sayar da akuyarta don neman magani. An ga abin a hoto ƙuru-ƙuru. Addu'arta nake so, ita kam a ci gaba.

Sai kuma Gwaggo. Tun muna yara take riƙe kunci tana cewa haƙori, an cire mata da yawa ba sauƙi. An ce ciwon ya fi kama mata da waɗanda suka haura shekara 50. Don Allah a kai ta asibitin koyarwa ta ga likitan jijiyoyi kafin a sake cire mata wani, zan turo kuɗin mota da na kati ƙarshen wata.

Ki riƙa turo min saƙon murya, ni kuma zan riƙa amsawa a rubuce. Ki gaida Inna da kyau, da Kawu, da duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
daga Mancesta