Malkisadik mutum ne, kuma hakan bai rage masa daraja ba

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na karanta maƙalar da kuka buga a shafin addini game da Malkisadik, sarkin Salem kuma firist a zamanin Ibrahim, inda marubucin ya tsaya kai da fata cewa Yesu Almasihu ne da kansa ya bayyana ga Ibrahim a siffar wannan sarki. Na ga ƙaunar Ubangiji a rubutun ɗan'uwan nan, amma ban yarda da shi ba, kuma ina roƙon fili in faɗi dalili.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, kuma da farko ni ma haka nake koyarwa. Wata dattijuwa ce a ajin ta dawo da ni hanya. Idonta ya yi rauni, sai ta sa aka karanta mata Ibraniyawa 7:3 sau biyu, sannan ta ce, "Malam, na ji an ce an kamanta shi da Ɗan Allah. To, ana kamanta mutum da kansa ne?" Ranar nan ban iya ba ta amsa ba. Na koma gida na buɗe littafin Farawa tun daga farkon sura ta 14.

Labarin yaƙi ne. Kedarlayomer, sarkin Elam, da sarakuna uku abokansa sun ci sarakuna biyar na yankin Saduma, suka kwashe ganima har da Lutu. Ibrahim, wanda a lokacin Abram ake kiransa, ya ɗebi horarrun mutanen gidansa 318, ya bi sawunsu har Dan, ya ƙwato kome. A hanyar dawowa, a Kwarin Sarki, sarakuna biyu suka tarye shi. Sarkin Saduma ya zo da ciniki: a ba shi mutanen, Abram ya riƙe dukiyar. Sarkin Salem kuwa, wato Malkisadik, ya zo da gurasa da ruwan inabi, ya sa masa albarka da sunan Allah Maɗaukaki, mai sama da ƙasa. Abram ya ƙi karɓar ko zare ko igiyar takalmi daga na farkon, ya ba na biyun ushirin kome. Aya uku kacal aka ba Malkisadik, daga 18 zuwa 20. Yana da gari, yana da sarauta, yana da aikin firist da mutanen wurin suka san shi da shi. Wanda ya bayyana na ɗan lokaci ya ɓace ba ya riƙe da gadon sarautar wani birni. Kuma Zabura 76:2 ta jera Salem da Sihiyona wuri ɗaya, abin da ya sa tun da can ake ɗaukar cewa Urushalima ake nufi.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne faɗar Ibraniyawa cewa ba shi da uba, ba shi da uwa, ba shi da asali, ba farkon kwanaki, ba ƙarshen rai. Amma littafin Farawa cike yake da wane ya haifi wane, ya yi shekara kaza ya rasu. A cikin irin wannan littafi sai ga firist da ba a faɗi zuriyarsa ba, ba a faɗi mutuwarsa ba. Wannan shirun marubucin Ibraniyawa ya kama. Masu karanta wasiƙarsa sun san firist sai daga kabilar Lawi, daga gidan Haruna, Yesu kuwa daga Yahuza ya fito, kabilar da Musa bai ce kome a kanta ba game da aikin firist. Sun kuma san abin da ya sami Sarki Uzziya, ɗan zuriyar Dawuda wanda ba firist ba ne, da ya shiga Haikali zai ƙona turare: kuturta ta fito masa a goshi. To ta yaya ɗan Dawuda zai zama sarki kuma firist? Amsar tana Zabura 110:4, wuri ɗaya tak da sunan Malkisadik ya sake fitowa a Tsohon Alkawari, inda Ubangiji ya rantse wa sarkin cewa shi firist ne har abada irin na Malkisadik. Akwai firistanci da ya girmi Lawi, wanda ba gado ake yi ba. Har marubucin ya ce Lawi ma ya biya ushiri, tun yana cikin tsatson kakansa Ibrahim.

Wannan gardama ba yau ta fara ba. Malaman Yahudawa da yawa sun ce Malkisadik Shem ne, ɗan Nuhu, Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya, ma ya karɓi hakan. Wani tsohon rubutu da aka samu a kogo na 11 na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1956 ya ɗauke shi wani babba na sama mai zartar da hukunci a ƙarshen zamani. Jerom, wani malamin ikkilisiya na dā, a wata wasiƙarsa ta shekarar 398, ya ce malamai biyu, Orijin da Didimus, sun ɗauke shi mala'ika, shi kuwa ya bi magabatan da suka ce mutum ne. A Roma ma an taɓa samun wata ƙungiya da ta fifita shi a kan Almasihu, ikkilisiya ta ƙi koyarwarsu. Sifiriyan, bishop na birnin Kartej a dā, ya ga hoton Jibin Ubangiji a gurasar da ruwan inabin nan. Kalbin, wani jagoran gyaran ikkilisiya, ya ce abinci ne aka kawo wa mayaƙa da suka gaji. A wannan na fi karkata ga Sifiriyan, ko da yake na lura Ibraniyawa ba ta ambaci gurasar ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata, wanda muke hasararsa idan muka mai da shi wani ruhu, shi ne wannan: a tsakiyar ƙasar Kan'ana, a wajen gidan Ibrahim, akwai wanda ya san Allah Maɗaukaki, kuma mai riƙe da alkawari ya sunkuya ya karɓi albarka daga hannunsa. Ibraniyawa 7:7 ta ce babba ne ke sa wa ƙarami albarka. Ibrahim bai tambaye shi ɗan wa ba ne.

Ina kuma da ƙorafi ga 'yan'uwana masu wa'azi. Sau tari ba a tuna Malkisadik sai ranar da za a yi maganar zakka. Ina bayarwa, kuma ina koyar da bayarwa. Amma ushirin Abram daga ganimar yaƙi ne, sau ɗaya aka rubuta ya ba da shi, ba wanda ya tilasta masa, kuma sai da aka ciyar da shi aka sa masa albarka tukuna. Sura ta 7 ta Ibraniyawa ba a kan ushiri ta sauka ba. Ta sauka ne a aya ta 25, kan Firist wanda kullum yake raye yana roƙo domin masu zuwa wurin Allah ta wurinsa.

Dattijuwar nan ta rasu shekaru huɗu da suka wuce. Da na je duba ta a kwanakinta na ƙarshe, aya ta 25 ɗin nan ta ce in karanta mata. Ina roƙon marubucin maƙalar ya sake duba Ibraniyawa 7, aya ta 3 da ta 15, inda aka ce wani firist dabam ya taso kamar Malkisadik, ya rubuto mana yadda ya fahimci kalmar "dabam". Zan karanta wa ajina amsarsa.

Naku cikin Ubangiji,
Wani malamin makarantar Lahadi