A bar ɗalibai su auna alwatika da hannunsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi kira ga 'yan uwana malaman lissafi na ƙaramar sakandare, kan wata tambaya da ke kayar da ɗalibai alhali ba ta da wuya.

Ga tambayar: alwatika ce, gefe ɗaya santimita 7, ɗayan 10, wane tsawo na ukun zai iya yi? Yara da yawa sai su ruga ga ƙa'idar Fitagoras, wadda ba ta aiki sai a alwatika mai kusurwar digiri 90, su fito da amsa guda, ba su ko duba ko akwai kusurwa mai digiri 90 ba. Abin da ake nema kuwa shi ne su san cewa duk gefe biyun da aka haɗa dole su fi na ukun tsawo. Ke nan na ukun ya wuce 3 (10 a cire 7), amma bai kai 17 (10 da 7) ba. In cikakkiyar lamba ake so, daga 4 ne zuwa 16, amsoshi 13 cur.

Damuwata ita ce yadda muke koyarwa. Mu rubuta a allo, su haddace, kafin jarrabawa ya bi iska. Don Allah a shigo da karan dawa aji. A yanka biyu masu santimita 4, ɗaya mai 9, a ce wa yaro ya haɗa bakunansu. Zai juya ya juya, gajerun biyun su kwanta a jikin dogon, da ratar santimita 1 tsakaninsu, sun ƙi gamuwa. Yaron da ya ga wannan ratar da idonsa, in an ce masa alwatika mai gefe biyu daidai tana da 4 da 9, ba zai yi kokwanto ba: na ukun 9 ne, kewayenta 22.

Maganar ba sabuwa ba ce. Masanin lissafi Yuklid na Iskandariyya ya kafa mata hujja wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har wasu masana falsafar Girka suka yi masa ba'a cewa ko jaki ya san haka, tunda in ya hango harawa ba ya zagaye, miƙewa yake yi. Yaranmu ma sun sani, kullum suna yanke hanya zuwa makaranta. Aikinmu mu haɗa musu wannan sanin da abin da ke kan takarda.

Ina roƙon shugabannin makarantu su ware darasi ɗaya tak don wannan awon. Kara, reza da rula kawai ake buƙata.

Naka,
Wani malamin lissafi, Zariya