Amsa ga dattijon da ya tambaye ni: ina ruwan Daura da teku?

Assalamu alaikum Baba. Ranar da na yi bayani a rediyo kan masu son sarrafa teku don rage ɗumamar duniya, ka bugo waya ka ce: mu da ko kogin da ke kai rani ba mu da shi, me ya haɗa mu da dokar teku? Lokaci ya ƙare ban amsa ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Baba, ruwan da ke raya geronka daga can yake tasowa. Iskar da ke kawo mana hadarin damina daga Tekun Atilantika take ɗebo danshi. Farin 1973 da na 1984, waɗanda ka fi ni sanin zafinsu, masana sun danganta su da sauyin ɗumin ruwan teku.

Wasu suna zuba sinadarin ƙarfe a ruwa don ƙananan tsirrai su yawaita, su shanye iskar kabon mai ɗumama duniya. A 2012 an zuba kimanin tan 100 a tekun da ke yammacin Kanada ba da izinin gwamnatin ƙasar ba. Wasu kuma fesa ruwan gishiri suke yi sama don gajimare ya ƙara fari ya mayar da zafin rana, an ma gwada a Ostireliya. Wannan ta biyun ce take hana ni barci. Wanda ya sanyaya wani sashe na teku yana iya karkatar da hadari, kuma in damina ta yi jinkirin mako uku a Daura ko Mai'adua, ƙarar wa za ka kai?

Ban ce a hana bincike ba, domin zafin nan mu ma yana cinmu. Izini nake so a nema, a kuma san wanda zai biya in an yi ɓarna. A 2013 Najeriya ce, tare da Ostireliya da Koriya ta Kudu, ta gabatar da gyara ga Yarjejeniyar Landan, wadda ƙasashe suka ƙulla kan zubar da shara a teku, aka ce ba a zuba wa teku sinadarin ƙarfen nan sai don binciken da aka tantance. Gyaran yana jiran amincewar kashi biyu cikin uku na ƙasashen yarjejeniyar, kuma fesa gajimare bai shiga ciki ba.

Na rubuta wa ɗan majalisarmu na tarayya ina tambayarsa inda NIMASA, hukumar Najeriya mai kula da harkokin teku, ta kai maganar. In ya zo gida da Sallah, Baba, ina roƙonka ka maimaita masa a gaban jama'a. Kai zai fi jin nauyinka.

Ɗanka,
malamin labarin ƙasa a Daura