Babur mai caji ba ya sallama

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan baburan nan masu caji da ke ta ƙaruwa a titunan Kano. Ban ga laifin wanda ya saya ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wanda ya samu abin hawan da zai jona wa wuta da dare ya huta da gidan mai, ai ya yi dabara.

Shirunsa ne ya dame ni. Mu mutanen cikin gari da kunne muke tsallaka hanya. Tun babur mai fetur yana bayan kwana ka ji ƙararsa, ka raɓe jikin katanga. Wannan kuwa sai dai ka ji iskarsa a kafaɗa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na riƙo hannun mahaifiyata, wadda yanar ido ta rage wa gani, za mu fito daga lungunmu a wajen Ƙofar Mata. Kan ka ce kwabo sai ga wani yaro da bai wuce shekara 14 ba, ya goyo abokansa biyu, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya riƙe da waya. Madubinsa ya fizgi mayafinta, kwanon da ke hannunta ya kife. Ya tsaya dai, ya ce, "Iya, yi haƙuri." Ta ce, "Ɗan nan, ko ɓarawo ai akan ji takunsa."

Abin ba giya, ba a buga masa kik, murɗa hannu kawai sai ya zabura. Shi ya sa iyaye suka ɗauke shi tamkar keke, suna aiken yara cefane da shi. Wasu manyan ma da dare ba sa kunna fitila, wai kada caji ya ƙare. Hular kwano kuwa ba a ma zancenta.

Ina roƙon KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa su ɗauke shi a matsayin babur cikakke: wanda bai isa riƙe lasisi ba kada ya hau. Masu hawa kuma, don Allah, a danna hon kafin a shiga lungu ko a sha kwana, musamman kusa da masallatai da makarantun allo.

Iya dai tun ranar ba ta sake zuwa gidan maƙwabta ita kaɗai ba.

Naka,
Mai karatu daga Ƙofar Mata, Kano